Sigarin da Ladanmu Bai Sha Ba

Taubashina ne ladanmu a Zinyau, tsohon mahaƙin kwal a Inugu. Da tari ya fara katse masa kiran salla, na baza a majalisa cewa sigari yake zuƙa a ɓoye. Tsokana nake, amma aka karɓe masa lasifika.

Ni na raka shi asibiti a Rano. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, duk dabbare-dabbare. Ni da ban iya karatu ba ma na karanta.

Likitan ya ce, "Baba, ƙurar kwal ce, kuma ba ta fita."

Salati ya ƙwace mini. Shekara talatin tana kwance a huhunsa!

Taubashina ya dube ni yana haki. "To, mai bakin tsiya, je ka faɗa musu."

Na faɗa bayan la'asar. Aka mayar masa da lasifika, numfashin ne babu.