Ɗan Dutsen Inna Ya Je Nima Ya Dawo

Ana kiran assalatu muka bar Wusasa, ni da wasu mata biyu 'yan unguwarmu masu zuwa Akra sarin atamfa. Kowaccensu da jakarta fayau, don da kaya za su dawo. Ni kuwa jama'a, dutse na ɗauka. Dutse na gaske, ɗan dutsen niƙa, baƙi, mai santsi, da ɗan ɓantare a gefe guda, naɗe cikin tsohon zanen mahaifiyata.

Bari in gaya muku asalinsa. Mahaifiyata, da muke kira Inna, a Nima, wata unguwa a birnin Akra, aka haife ta. Tana yarinya aka ba wa baƙi wa'adi su bar Gana. Gidan haya suke zaune, su Kirista, maƙwabtansu Musulmi, kuma a dutsen wata maƙwabciyarsu kowa yake niƙa. Ranar tafiya matar ta dafa musu guzuri ta ɗaure. Sai da suka yi nisa aka kwance ƙunshin, aka tarar da ɗan dutsen a ƙarƙashin abincin. Mun tashi muna ganinsa a kan kabad. Da ɗayanmu ya yi ƙorafin miya ba nama, sai Inna ta nuna shi ta ɗauko labarin Bani Isra'ila: yadda Allah ya ciyar da su a jeji suna gunaguni suna kewar albasar Masar, da yadda bayan sun haye Urdun aka umarce su su kwaso duwatsu daga tsakiyar kogin su jera, don in 'ya'yansu sun tambaya a ba su labari. Na sha labarin nan har ya gundure ni.

Bana ciwon ƙafa da hawan jini suka kwantar da ita. Ta kira ni ta ce maƙwabciyar nan tana da 'ya, Azumi, ƙawarta ta wasan ƙasa, ba ta san ko tana raye ba, kuma ba ta son ta mutu godiyar nan na wuyanta.

"Ki kai mata da hannunki, ki ce Allah ya riƙe mu, ba mu manta ba. Kada ki tsaya ko'ina sai kin sauke saƙon nan."

Na ce Inna, ai yanzu akwai waya, a ɗauki hotonsa mana. Ta yi mini kallon da na san an rufe magana.

Hanyar Legas ba sai na ɓata bakina ba, ramukan nan da kuka sani suna nan, sun ma ƙara ƙiba. Duk ramin da muka faɗa, dutsen nan sai ya doki ƙafata. Daga Legas muka shiga motar Akra, teku a hagunmu, itatuwan kwakwa jere, gwanin kyau in mutum na da natsuwar kallo. Ni ban samu ba. A kowace iyaka jakar kowa ta wuce, tawa a tsayar. Wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa dutsen ya kara a kunne, wani ya sansana, wani ya ja da baya ya tambaye ni ko tsafi ne. Ni da nake waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu, wai tsafi! A iyaka ta ƙarshe sai da aka riƙe motarmu a rana saboda ni, fasinjoji suna ta tsaki da yaruka kala-kala.

Da muka tashi, babbar cikin abokan tafiyata ta raɗa mini cewa in jefar da abin nan in huta, ai Akra ba a rasa duwatsu ba, in tsinci wani a can, wa zai sani? Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta shige ni. Har na kwance zanen na zuge gilashi. Sai babban yatsana ya faɗa cikin ɓantaren nan, daidai inda Inna take ɗora nata in tana ba mu labari. Na mayar da shi jaka ina ƙunƙuni, na ce Allah ka gani, ba da daɗin rai nake yi ba.

Mun sauka Akra da hantsi. Abokan tafiyata suka ce a wuce kasuwar Makola kai tsaye, kafin a tsince zannuwa masu kyau, Nima ai ba guduwa za ta yi ba. Ni ma fa akwai atamfar da na ƙwallafa rai a kanta. Amma "kada ki tsaya ko'ina" ta tsaya mini a kunne. Muka rabu, na shiga motar hayarsu da suke kira trotro, aka matse ni tsakanin wata mai kwandon kifi da wani mai buhun gawayi.

Nima ta ba ni mamaki. Lunguna ƙanana, masallaci a kowace kwana, ƙanshin ƙosai da koko kamar ina Tudun Wada. Ga shinkafa da wake da suke kira wace, ana zubawa a ganye da taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji da ya sa na yi hawaye. A tsaye na ci, don kada a ce na tsaya. Kuɗinsu kuwa, in ka juya shi zuwa naira sai cin abincin ya fita ranka. Hausa ko'ina, sai dai ta sha Turanci da yaren Tuwi, kuma kowa "kai" yake ce mini, har na gaji da waiwayawa in ga namijin da ke bayana.

Kwatancen Inna shi ne gidan da ke kusa da famfo, ƙarƙashin mangwaro. Mangwaron da aka sare tun kafin a haife ni! A wurin yanzu bene ne, da shagon gyaran waya a ƙasa. Kuma a Zango, wato unguwar Hausawa irin wannan, baƙo ba ya bin gida gida da tambaya, sai an kai shi gaban dattijon unguwa. Aka kai ni. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi Zariya, aka kawo ruwa, aka sake gaisawa. Shi kuma ya tura ni wurin wani dattijon, aka sake daga farko. Azumi kuwa, ashe rabin tsofaffin Nima sunansu ke nan. An nuna mini mai sayar da fura, an nuna mini wadda ba ta ji, an nuna mini ƙofar wadda ta rasu bara, sai aka ce ita daga Sakkwato ta zo.

Azahar ta yi, ƙafata ta kumbura, na zube a benci wurin wata tsohuwa mai kayan yaji a kasuwar Nima. Don haushi na fito da dutsen na dangwarar a kan teburinta, na ce wannan ne ya hana ni sakat. Ta juya shi, ta yi dariya, ta ce to akwai wata Hajiya a Mamobi, unguwar da ke kusa, da ke da uwar dutse ba ɗa. Kowa ya koma inji, ita ta hana a jefar da shi, surukanta kullum suna tuntuɓe da shi suna mita.

Da na isa gidan, rigima na tarar. Mota a ƙofa, an gama ɗaure kaya. Ɗan Hajiyar ya zo ɗaukarta ta koma wurinsa Kumasi da zama, ya rantse ba zai loda dutse a motarsa ba, ita kuma ta zauna daram a kan dutsen ta ce sai dai a tafi a bar ta. Rigimar nan ce kaɗai ta riƙe su. Da na bi ta Makola, da ƙofa rufe zan tarar.

Na yi sallama, na durƙusa, na kwance zanen. Ban ce komai ba tukuna ta kai yatsa kan ɓantaren.

"Ni na fasa wannan, na sha duka a kansa," in ji ta. "Ladi yana da rai?"

Sunan Inna ke nan na yarinta, wanda ko mu ba ma faɗa. Ashe Hajiyar nan ita ce Azumin da nake nema. Na ce tana nan, ta ce in gaya miki Allah ya riƙe su, ba su manta ba. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, ni ma duk haushina ya narke na kama kuka. Ta sa aka kawo barkono da gishiri, ta niƙa da hannunta, aka kira Inna a waya ta ji ƙarar dutsen. Ɗan nata ya je ya buɗe bayan mota don a loda dutsen.

Na miƙe ina jin na sauke nauyi. Sai Hajiya ta wanke ɗan dutsen, ta naɗe shi a zanen, ta ɗora mini a hannu. Ta ce mahaifiyarta ba mantuwa ta yi ba, da gangan ta saka shi don duk inda suka sauka su sami abin niƙa, kuma kyauta ba ta komawa. Na ce Hajiya, ki rufa mini asiri, iyaka uku fa! Ta ce in ya zauna a nan, jikokin Ladi me za su gani su tambaya?

Haka na sake bin iyakokin nan, aka sake ƙwanƙwasawa, aka sake sansanawa, abokan tafiyata da dilolin atamfa suna ta yi mini dariya. Ni ko ƙyalle ban saya ba.

Na iso gida na dire shi gaban Inna, na ce to ga dutsenki, an ƙi karɓa. Ta ce ai ta san ba za a karɓa ba. Na ce to don me kika wahalar da ni? Ta ce tun ina ƙarama da kunne kawai nake jin labarin, yanzu na ji shi a kafaɗa. Ta tura mini shi ta ce in tafi da shi gidana.

Abin da na koyo, biyayyar da na yi ina tsaki ita ta kai ni ƙofar nan kafin motar ta tashi, kuma duk gunagunin da nake zargin Bani Isra'ila da shi, na fi su iyawa. Dutsen yana kan kabad ɗina yanzu. Jiya 'yata ta ture tuwo wai miyar ba nama, sai idonta ya kai kansa, ta ce, "Mama, wannan dutsen na mene ne?" Na ce ta jawo kujera ta zauna.