Sunan da Madam Ta Sa Aka Kira

Da na yi ritaya daga koyarwa, sai aka ɗauke ni cikin mutanen unguwa da ke zama tare da alƙali a kotun iyali. Mu uku ne a teburi: alƙali a tsakiya, ni a hagu, ma'aikaciyar Welfeya a dama, wadda kowa ke ce wa Madam. An ce mu haɗa kai mu kare yara. To, ni dai jinina bai taɓa haɗuwa da na Madam ba. In aka ambaci unguwarmu ta Nima sai ta yatsina fuska kamar an buɗe gota mai wari a gabanta.

Wata yarinya ce ta ƙara dagula tsakaninmu. Ba ta wuce shekara bakwai ba. 'Yan sanda suka tsince ta a kasuwar Malam Atta tana yawo da ƙuna a hannu, suka kai ta gidan marayu. Uwarta 'yar Nijar ce, tana sayar da fura a unguwar Maamobi, mijinta ya rasu. Likita ta duba hannun, ta ce ya yi kama da ruwan zafi da ya zubo bisa tsautsayi. 'Yar sandar da ta bi unguwa ta ce ba maƙwabcin da ya taɓa jin duka. Saura kawai mu yanke: a mayar wa uwar da 'yarta, ko ta ci gaba da zama gidan marayu.

Madam ta ce ba ta yarda ba. Wai ta zauna da matar, ba ta ji ta kira sunan yarinyar ba ko sau ɗaya, sai dai “waccan”. Da aka shigo da yarinyar kuma ba ta rungume ta ba, kai ma ta kawar.

Na ce, “Madam, 'yar fari ce. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata rawar jiki a gaban mutane. Ga shi kuma sunan uwar mijinta aka sa mata. Kunya ce, ba ƙiyayya ba.”

Ta ce, “Hajiya, ku komai al'ada. Na taɓa mayar da yaro gida don an ce mini al'ada, a asibiti na sake ganinsa.”

Wannan kam gaskiya ta faɗa, na san yaron. Amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce ta je ta ga ɗakin matar mana, maimakon ta zauna ofis tana shan fanka. Alƙali ya gaji da mu, ya ce mu tafi tare.

Muka shiga trotro, motar haya, muka nufi gidan matar. A ɗakin muka tarar da tabarmar yarinyar a shimfiɗe, 'yan kayanta a wanke a ninke, takalminta na makaranta an goge an ajiye bakin ƙofa. Matar duk ta rame, ƙwaryar furarta ma a kife take. Na kalli Madam, ta gani sarai. Amma da muka fito sai ta ce wanki ba shaida ba ne, ita so take ta ji da kunnenta.

Ranar zama kotu ta cika. Ƙanin mijin ya zo, da dattawan garinsu masu sayar da albasa, suka jeru a benci. Na raɗa wa alƙali a fitar da mazan tukuna. Madam ta ce a'a, uwar da ba ta iya amsa 'yarta a gaban mutane, yaya za ta tsaya mata a gaban mutane? Ta juya ga matar da 'yar Hausarta ta kasuwa.

“Maame, yaron ka ne? Kira sunan shi.”

Matar ta kalle ni. Ta ce, “Hajiya, ki ce su tambaye ni wani abu. Ko rantsuwa ce zan yi.”

Na ce, “Ƙanwata, ki daure. Shi kaɗai ya rage.”

Har yau in na tuna da bakina aka faɗi wannan, haushin Madam nake ji sabo. Matar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta faɗi sunan can ƙasa. Dattawan suka sunkuyar da kai. Yarinyar da ke zaune kusa da 'yar sanda ta ɗago tana waige-waige, ta dube ni, ta dubi Madam, tana neman mai kiranta.

Madam ta ce, “Da ƙarfi.”

Uwar ta sake kira. Sai a lokacin yarinyar ta gane daga ina kiran ya fito. Madam ta gyaɗa kai ta ce ta gamsu, alƙali ya ce a ba uwa 'yarta. Ba wanda ya yi murna, don yarinyar ta ƙi matsawa. Ta maƙale jikin bango, ta fashe da kuka tana kare kanta da hannun nan mai ƙuna.

“Inna, me na yi? Wallahi ban yi komai ba. Me na yi?”