Wutar da Inna Ba Ta Gani

A unguwar kowa Mai Dunƙule yake ce mata. Mahaifiyarta ce kaɗai ke kiranta Auta, duk da ta ba arba'in baya. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana yin gawayi ba tare da an sare mata ko reshe ɗaya ba. Buntun shinkafa take kwasowa a bayan injin casa, inda a da ake tara shi tsibi-tsibi a cinna masa wuta, ya yi sati yana turnuƙe mutane. Ta zuba shi a duro ta rufe, ya ci wuta a hankali har ya yi baƙi ƙirin, ta niƙa, ta kwaɓa da ruwan sitaci, ta matse a wani inji da makaniki ya harhaɗa mata da tsohon jak ɗin mota. Daga nan sai shanya, kwana uku a kan kwanon rufi. Ranar da hadari ya taso kuwa, za ka ga mace mai ciwon baya tana gudu da faranti a ka.

Masu kyamara suna son labarinta. Su zo da fararen takalma, su tsaya nesa da ƙura, su tambaye ta bishiya nawa ta ceta. Ita ina ta sani? Ta ɗaga dunƙule ɗaya ta yi musu murmushi, su tafi. Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ake fitar da baƙin nan daga ƙarƙashin farce. Ba ya fita, ta daina ma gwadawa.

Gaskiyar magana, ba don bishiya ta fara ba. Don tarin Inna ta fara. Tun tana yarinya tarin nan ne ke tashinta da safe, yana fitowa daga ɗan kicin ɗin da ba shi da taga, wanda hayaƙin itace ya shafe bangonsa. Shekara takwas ta yi tana fama kafin gawayinta ya daina hayaƙi. Ta rage sitaci, ta ƙara, ta sauya duro, ta zubar da abin da ya isa cika mota. Shekarar da ya yi daidai, ita ce shekarar da likita ya ce huhun Inna ya gaji, in ba a raba ta da hayaƙi ba, to a shirya.

Tun daga nan, duk farkon wata Auta ke kai mata ƙaramin buhu, har da sabon kurfoti ta saya.

"Allah ya yi miki albarka," Inna za ta ce. "Ajiye can."

Amma duk zuwan da za ta yi, tun daga bakin ƙofa warin itace ke tarar ta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa ta da babban ɗanta, yayan Auta. Shi kuwa Yaya ya ɗaga kafaɗa. "Kin san halin tsohuwarki. In ta kafe, ko mota aka ɗaura mata ba ta motsi."

Abin ya ci ran Auta ƙwarai. Masu shayi suna saye, gidan burodi suna saye, matan da ba su san sunanta ba suna layi a ƙofarta, amma matar da aka yi abin dominta ta ƙi. Ta gaji da magana. Sai ta koma ajiye buhun kawai, ta gaishe ta a tsaye ta wuce.

Wata Laraba, tana tsaka da kwashe shanya ruwa na dukanta, Yaya ya kira. Inna ta faɗi a kicin, numfashi ya sarƙe. Kwana huɗu suka yi a asibiti. Ranar da aka sallamo su, Auta ta ɗaura ɗamara ta ce yau ko tsinke ba za ta bari a gidan nan ba. Ta fitar da itacen kicin kaf, ta tura ƙofar ɗakin baya don ta duba ko akwai saura.

Buhunanta ne. Talatin da wani abu, an jera su a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, an lulluɓe da zanen gado mai kyau. Guda ɗaya ne kawai aka taɓa kwancewa.

Ta nufi ɗakin Inna.

"Inna, in ba kya so, ai sai ki ce ba kya so. Shekara uku ina ɗauko miki kaya a baya, kina tara min su kamar kayan gado?"

Tsohuwar ta zaro hannun dama daga mayafi ta buɗe. Tabo ne a tafin, fatar ta tattare. Auta ta san shi. An ce mata tukunya ce.

"Ranar farko na hura shi," in ji Inna. "Na zauna ina jira, ban ji komai ba. Na ce bai kama ba, na sa hannu in gyara."

"Ba ki ga ya yi ja ba?"

"Da wane idon? Idanun nan sun daɗe da tafiya, Auta, inuwa kawai suka bar min. Da hanci nake girki. Hayaƙi ya yi ɗaci, itace bai kama ba. Ya yi sauƙi, in ɗora tukunya. Ya ɗauke, in ƙara. Naki kuwa shiru yake, ba ya gaya min komai."

Auta ta zauna a bakin gado. "Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa, yayanki ya kwashe ni ya kai gidansa, a zaunar da ni a kujera ana miƙo min kwano? Kuma ina ji kina ba mutane labarin wahalar da kika sha kafin ki cire hayaƙin. Sai in ce ki mayar?"

Kunya ta kama Auta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta san zafin duro da tafin hannu, ta san danshin buntu da murzawa ɗaya, amma uwarta ta makance a gabanta tana gaishe ta a tsaye.

Washegari ta bi masu sayar da lemo tana roƙon ɓawo. Suka yi ta tsokanarta, wai Hajiya ko an fara kiwon awaki ne. Ta shanya, ta daka, ta zuba a kwaɓin. Na farko ya rugurguje a hannu. Na biyu ya yi hayaƙi, ta zubar. Sati biyar tana wannan, ga masu shayi na ƙorafin kaya ya yi ƙaranci, ga baya ya ƙi lafawa. Kafin ta dace da wanda ke ƙamshi ba hayaƙi, Inna ta daina iya takawa zuwa kicin.

Ta kai shi duk da haka. Ta ajiye kurfotin a tsakar gida, ƙarƙashin tagar Inna, ta hura, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango ta lumshe ido don gajiya.

Can sai ta ji tari, bayansa muryar tsohuwar ta taga.

"Ya kama, Auta. Ɗora ruwan."

Ta buɗe ido ta leƙa. Ya kama ɗin kuwa, ya yi jajir.

Inna ba ta sake shiga kicin ba. Yanzu Auta ce ke biyowa kowace safiya kafin ta wuce wurin aiki, ta hura wuta a ƙarƙashin tagar. Tana ganin garwashin sarai da idonta, amma ba ta ɗora tukunya sai an ce ta ɗora.