Tsohon Suna da Sabon Suna

Na daɗe ina shakkar ko abin da Yaya yake yi karatu ne. A ƙasar wajen da na yi makaranta an saba mana da cewa abin da za ka iya dubawa cikin minti ɗaya ba ya buƙatar hadda, kuma da wannan ra'ayin na dawo gida bayan shekara tara. Sai na tarar da ɗan wan mahaifina, mutumin da ya fara koya mini haɗa baƙi, yana haddace sunayen ministoci da ranakun tarurruka da ƙasar da ta karɓi baƙuncin wace gasa. A zuciyata na raina abin. Har yau ban tabbata na yi kuskure game da jarrabawar ba. Game da shi ne na san na yi.

Yaya mai guga ne. Yana da digiri a fannin tarihi, takardar tana cikin leda a ƙasan akwatin matarsa. Shagonsa wani siririn ɗaki ne tsakanin na tela da na mai gyaran waya. A ciki akwai tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta, da igiya daga bango zuwa bango inda riguna ke rataye. A kan taga akwai rediyo da aka ɗaure bayanta da roba. Duk mutanen layin suna ce masa Kanu, daga "kanun labarai", domin da zarar awa ta cika, ko kana tsakiyar gaisuwa ne sai ya ɗaga maka hannu ka yi shiru ya ji labarai.

Jarrabawar da yake nema ta shiga aikin gwamnati ce. Ba kowace shekara ake yin ta ba, sai ran da hukumar ta ga dama. Dubban mutane ke zama, a ɗauki kaɗan. Tambaya ɗari ce cikin awa ɗaya a kan kwamfuta, kowace da zaɓi huɗu, kuma arba'in daga ciki a kan al'amuran yau da kullum suke. Wanda ya cika shekara talatin da biyar kafin ranar zama, ba a karɓarsa. Lokacin da na dawo Yaya ya zauna sau shida, yana da talatin da huɗu da wata uku.

Littattafansa suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur, dukansu da fensir ya rubuta su. A wasu wurare takardar ta huje saboda yawan gogewa. Wata rana da yamma ina zaune a kan bencinsa ina buɗe na baya-bayan nan, sai na lura kowane shafi an ja masa layi a tsakiya, kuma tambayoyi da yawa amsa biyu gare su.

Na ce, "Yaya, tambaya ɗaya amsa biyu?"

Ya ce, "Bature, ka fara ko? Miƙo mini hangar rigar can."

Tela ya ji mu ta bangon katako. Ya ce, "Ba shi labarin Akawu mana, Kanu. Ko kunyar ƙaninka kake ji?"

"Kai dai ji da wandon mutane da ka yi wa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Amma ya ba ni labarin, yana guga bai ɗago ba. A zama na huɗu akwai wani abokin karatunsa da ya ari littafinsa ya kwafe, wata huɗu kafin jarrabawa, daga nan bai sake sauraron labarai ba. Shi kuwa Yaya har safiyar ranar kunnensa yana kan rediyo. A tsakanin nan an sauya shugabannin wasu hukumomi, an mayar da wani babban taro wata ƙasa. Yaya ya zaɓi abin da yake gaskiya a ranar, abokin ya zaɓi abin da ya kwafa. Abokin ya ci, Yaya ya faɗi da maki biyu. Daga baya suka zauna suka bi tambayoyin da suka tuna, suka gane cewa an rubuta su ne watanni kafin ranar, aka kulle amsoshin, babu wanda ya koma ya gyara.

Ya ce, "Shi ya sa. Hagu abin da yake, dama abin da ya kasance a da. Ba gaskiya suke tambayarka ba, Bature. Gaskiyar ranar da suka rubuta takardar suke tambaya."

"To yaushe suke rubutawa?"

Ya fesa wa wuyan riga ruwa. "Da na sani da yanzu wani ne ke goge tawa."

Abokin nan shi ne Akawu. Duk ƙarshen mako yakan kawo kayansa na ofis a ɗaure, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai jin nauyin shiga. Mutumin kirki ne, kuma har yanzu Malam yake ce wa Yaya. Na ji Yaya ya taɓa tambayarsa ko yana jin ƙishin-ƙishin lokacin da ake tsara tambayoyi.

Akawu ya ce, "Malam, ni fa sashen fayil nake. Mai sharar ofishinmu ya fi ni jin labari."

"To tambayar mana mai sharar."

Suka yi dariya su biyu, amma ta Yaya ta riga tsayawa.

Da aka sanar da zama na bakwai, sai gidan Yaya ya koma aji. Ɗaki biyu ne a bayan wani gidan haya, da ɗan tsakar gida inda matarsa ke wanke-wanke. Da safe kafin ya fita takan jingina littafin a jikin bokiti, hannunta cikin kumfa, tana jefa masa tambaya yana ɗaure takalmi.

"Shugaban babban banki."

Ya faɗa.

"Na dama fa?"

Ya faɗa.

"Ka yi jinkiri, Baban yara. Sun ce daƙiƙa talatin da shida kowace tambaya, kai ka tsaya kana tuna garin da aka haife shi." Ta juyo gare ni. "Ƙanin miji, da za a bar ni in shiga da sunansa, wallahi da tuni muna gidan gwamnati. Shekara takwas ina wannan makaranta, ko takardar shaida babu."

Ya ce, "Ke da kike kiran ƙungiyar lafiya ta duniya asibitin duniya?"

"Ai ka gane dai."

Bayan ya fita sai fuskarta ta canza. Ta ce mini ba faɗuwar take tsoro ba, sun saba da ita. Duk faɗuwar da ta wuce, washegari yakan sayi sabon littafi ya ja layi. Wannan karon babu abin da zai ja wa layi. Ta ce, "Ban san mutumin da zai dawo mini ba. Tun da na aure shi mai jiran jarrabawa ne."

Na so in taimaka ta hanyar da na iya. Na nuna masa yadda zai tara komai a waya, ya gyara suna ba sai ya goge takarda ba. Ya saurare ni har ƙarshe cikin haƙuri, sannan ya ce matsalarsa ba gyara ba ce, matsalarsa ya san abu fiye da yadda ake so ya sani. A lokacin na fara gane cewa mutumin da na ɗauka mai hadda ne kawai, ya fi ni sanin yadda kowane suna ya hau da yadda ya sauka, da dalili. In ka tambaye shi minista guda, sai ya ba ka uku da suka gabace shi da abin da ya ci kowannensu. Babu tambaya ko ɗaya cikin ɗari da ke neman wannan.

Saura kwana goma aka ɗage jarrabawar da mako shida, ba a faɗi dalili ba. Yaya ya ƙirga a kalanda ya ce da sauran wuri. Mako shidan bai cika ba aka sake ɗagewa. A cikin wannan jiran ne aka yi wa majalisar ministoci garambawul, mutum goma sha ɗaya suka tashi a rana guda, wasu aka sauya musu wuri. Ina shagon aka karanto sunayen. Ya ajiye dutsen a tsaye, ya ɗauki fensir, ya rubuta har aka gama. Sannan ya nemi rula ya ja layi na uku a shafin.

Tela ya leƙo. Na ɗauka tsokana zai yi, amma sai ya dubi littafin ya ce, "Allah ya kyauta," ya koma kan kekensa.

Yanzu tambayar ta zama wannan: takardar da za su ba shi, ta farkon ce da aka kulle tun kafin ɗagewa, ko sun sake wata? In sun sake, kafin garambawul ko bayansa? Akawu bai sani ba. Masu sayar da ƙananan littattafan jarrabawa a bakin titi kowa da abin da yake rantsuwa a kai. Ranar da aka tsayar a ƙarshe ta faɗo saura kwana goma sha tara ya cika talatin da biyar.

Ni na kai shi. Wani babban zaure ne na makaranta, mutane sun yi layi tun daga ƙofa har titi, yawancinsu za su iya zama ƙannena. Ya ba ni littafin in riƙe masa. Da ya fito na dubi fuskarsa ban karanta komai ba. Ya ce, "An yi." A mota ya tambaye ni ko zan ajiye shi a shago, akwai kayan mutane.

Sakamako ya fito bayan wata biyu. Mai gyaran waya ne ya duba masa, domin shi ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ana neman sittin da biyar, ya sami sittin. Ya karɓi wayarsa ya yi godiya, ya koma ya ƙarasa rigar da ke kan tebur. Matarsa ta ce mini a gida ma tambayarta kawai ya yi ko yaran sun yi aikin makaranta.

Na yi makonni ina zuwa shagon ina zama, muna maganar zafi da tsadar gawayi. Akwai abin da nake son sani, ina kuma jin nauyin tambaya. Wata rana da azahar babu kowa, tela ma ya fita, sai na daure.

Na ce, "Yaya, a ƙarshe wanne ka zaɓa? Tsohon ko sabon?"

Ya ninke hannun riga, ya ɗora dutsen a kai, ya ɗan danna.

Ya ce, "Guda tara ne irin su. Kowace an sa tsohon an sa sabon a cikin zaɓin. Sai na tsallake su na amsa sauran, na ce bari in dawo in bi takardar tun daga farko, ko zan ga abin da zai nuna mini ranar da aka rubuta ta. Aikina ne ai, shi na karanta. Kuma na gano, Bature. Akwai wata tambaya a kan wani taro, sun ce za a yi, alhali an yi shi tun kafin ɗagewar farko. Tsohuwar takarda ce. Tsofaffin suke so, duka taran, kuma duk na san su. Ina kai hannu kan ta farko kwamfutar ta rufe. Ban zaɓi ko ɗaya ba."