Ranar da Friday Ya Sayar da Ƙafar Gaba

Friday Bako mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a coci, kafin fasto ya kai rabin wa'azi ya fita ya dawo ya sake fita, in ka tambaye shi ina ya je sai ya ce iska ya je sha. Daga wani ƙauye a kudancin Kaduna ya zo Abuja yana saurayi. Ya yi gadi a Garki, ya sayar da katin waya, ya koyi fenti ya watsar, daga ƙarshe ya hau acaɓa. Da aka hana acaɓa a cikin gari sai ya koma Nyanya, daga Nyanya sai Kubwa, daga Kubwa sai Dutse, ko'ina ya je sai ya ce wurin bai karɓe shi ba. Matarsa Linda ita ce mai ɗaurin kaya. Baiwar Allah, tukwanenta duk sun lotse saboda hawa da sauka daga bayan a-kori-kura.

Da suka sauka Bwari, ranar farko, tun ba a kwance katifa ba, Linda ta zauna a kan buhun kaya ta dube shi.

"Baban Lucy, ni nan ne ƙarshena. In ƙafarka ta sake yi maka ƙaiƙayi, ka tafi kai kaɗai. Ni da yarinyar nan mun gaji."

Friday ya yi dariya, amma ya san ba wasa take yi ba. Linda ta kafa kasko a bakin titi tana soya doya da ƙosai, Lucy ta shiga makaranta ta yi ƙawaye. Shi kuma, abin da bai taɓa yi ba, sai ya ji wurin ya kwanta masa. Dalili kuwa shi ne layin acaɓa da ya samu a wata kwana, inda hanyar ƙauyuka ta haɗu da babban titi. Kwana ce mai albarka. Ɗaliban makarantar lauyoyi suna hawa, mutanen ƙauye suna hawa ranar kasuwa da buhunan dawa, masu aikin gwamnati suna hawa da safe. Sai da ya daɗe yana jira kafin wani ya bar sana'ar aka ba shi gurbinsa. Kuma ya san in wannan layin ya kuɓuce masa, ba abin da ya rage sai Yangoji, inda yayan Linda yake ta kiransa ya je su yi noman doya. Yangoji kuwa da nisa, can ƙasar Kwali, kuma Linda ta riga ta faɗi nata.

To, 'yan acaɓar kwanar nan suna da wata doka. Shugabansu, Ciyaman Badaru, tsohon direban ma'aikata ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana wanda ba ya sauya abin da ya faɗa. A da wasu sukan kama layi su tafi wani wuri suna aiki, su bar masu jira suna hamma. Sai aka yanke cewa kowace safiya mashin ɗin mutum ya zo da ƙafafunsa biyu ya tsaya a layi ciyaman ya gani. Wanda nasa bai zo ba, ba ciwo ba rasuwa, gurbinsa ya zama na mai jira. Mai jira na farko a lokacin shi ne Marvel, magidanci mai 'ya'ya, wanda aka sallama daga aikin gadi. Yakan zo ya gaishe da jama'a ya zauna a kan benci, ba ya damun kowa.

Yanzu bari in ba ka labarin mashin ɗin Friday. Kai, wannan mashin! Na hannu ya saya, kuma wallahi wanda ya sayar masa ya huta. In hadari ya haɗu, mashin ya mutu. In fasinja ya ce yana sauri, mashin ya mutu. In aka ɗauko buhun gawayi sai ya yi ta gudu lafiya lau, amma bari wata ɗaliba ta hau da farar riga da baƙin siket, a tsakiyar titi zai yi tari ya tsaya. Friday ya buga kik har cinyarsa ta dama ta fi ta hagu kauri. Abokan aikinsa suka sa wa mashin ɗin suna Sai-ka-tura. Friday yana zaginsa da Hausa, yana zaginsa da yarensu, wani lokaci ya roƙe shi kamar mai lallashin jinjiri.

Wata ranar kasuwa da rana tsaka, yana hawan wani tudu da wata tsohuwa da buhunta, sai inji ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, hayaƙi ya turnuƙe, shi ke nan. Tsohuwa ta sauka tana salati. Friday ya turo shi har rumfar Nicholas bakanike, gumi yana zuba har cikin takalminsa.

Nicholas ya buɗe inji ya leƙa, ya goge hannu da tsumma.

"Oga Friday, wannan inji ya buga. Fiston ya narke, bulo ya tsage. Ko ka gyara, gobe zai sake. Ka kai wa 'yan gwangwan su auna shi gaba ɗaya, ko kuma ka yanka shi mu sayar ɗaya-ɗaya. Yankawa ta fi riba."

Friday ya kasa tsayawa. Ya zagaya mashin, ya fita titi, ya dawo, ya sake zagayawa. Can sai idonsa ya yi haske. Ai doka cewa ta yi mashin ya zo ya tsaya, ba ta ce ya tashi ba!

Washegari da sassafe mutanen kwana suka ga Friday yana turo Sai-ka-tura ba inji, ciki fayau, ya kafe shi a gurbinsa ya hau ya harɗe. Dariya ta kece. Ciyaman Badaru ya zo ya duba gaba ya duba baya, ya shafa gemu.

"Ya zo da ƙafafunsa," in ji shi. "Ya tsaya."

Daga nan aka shiga wani irin zama. Kullum Friday ya turo mashin, in layi ya zo kansa ya ce wa na bayansa ya wuce. Da yamma ya kai wa Nicholas a cire abu ɗaya. Nicholas shi ne dillali, kuma a wannan harka ba a tambayar dillali wane ne mai saye, shi ma mai saye ba a gaya masa kayan wane ne. Haka aka saba, don kada kunya ta shiga ciniki. Aka cire kafireta. Aka cire salansa. Fitila ta tafi, batir ya tafi, madubi ya tafi. Da aka cire kujera sai Friday ya ɗaura filon gida da roba, Linda ta neme shi ta rasa. Mashin yana ta ramewa kullum. Wani ya ce a kai shi asibiti a ƙara masa ruwa.

Nufinsa shi ne ya tara abin da aka samu ya haɗa da ɗan abin da Linda ta ajiye, ya sayi wani na hannu kafin wannan ya ƙare. Dabara ce mai kyau, in da mutum ne mai haƙuri. Amma Friday? Zama a kan mashin da ba ya motsi, yana kallon abokansa suna fita suna dawowa, wannan azaba ce a wurinsa. Ƙafarsa tana ta karkarwa a kan ƙarfe. Ya sauka ya sayi goro alhali ba ya cin goro, ya je wurin Linda ya tsaya a kan kasko har ta kore shi, ya dawo ya ja Marvel da hira a kan benci. Sun ma saba sosai. Marvel ya taɓa gaya masa cewa shi ma nasa mashin ɗin yana ajiye a gida tun da wani ya buge masa shi ta gaba, Friday ya ce Allah ya kyauta, hankalinsa yana wani wuri. Ya rame, ya zama mai saurin fushi. Tsoro ne fal cikinsa, tsoron ranar da zai dubi Linda ya ce mata babu layi.

Ana nan sai labari ya zo masa cewa wani a Dutse zai sayar da mashin mai lafiya, zai koma garinsu, kuma yana sauri. Friday ya kasa cin abinci. Abin da ya tara ya kusa kaiwa, saura kaɗan. Ya ruga wurin Nicholas.

"Me ya rage da za a saya yau-yau?"

"Akwai mai neman ƙafar gaba," in ji Nicholas. "Taya da gargare, duka. Ya daɗe yana nema. Amma oga, in na cire, da me za ka tura shi gobe?"

"Gobe? Gobe da sabon mashin zan zo! Cire, Nicholas, cire!"

Ka ji fa. Ko waya bai buga wa mutumin Dutse ba ya ce a ajiye masa. Aka cire ƙafa, aka jingine gangar jikin a bango, Friday ya tare mota sai Dutse, yana ta yi wa direba faɗa wai ba ya gudu. Ya isa ya tarar an sayar da mashin tun da hantsi, mai shi ma har ya ɗaure kayansa. Friday ya tsaya a ƙofar gidan kamar an dasa shi. Ya juyo Bwari a guje, ya tarar Nicholas yana rufe rumfa, ƙafa kuwa mai ita ya zo ya ɗauka tuni. Ya ce a ara masa wata. Nicholas ya ce wallahi babu ko ɗaya a ƙasa.

Da gari ya waye ya ari baro wurin maƙwabcinsa mai sayar da ruwa. Ya ɗora abin da ya rage na Sai-ka-tura, ƙarfe da ƙafar baya da filo, ya ɗaure da igiya ya turo. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Can gefen layi ga Marvel tsaye kusa da mashin ɗinsa, ya wanke shi tas, yana ta murmushi, don yau ce rana ta farko da ya fito da shi. Friday ya kalli ƙafar gaban mashin ɗin. Ya san tayar nan, shi ya saya, ya san inda aka yi mata faci.

Marvel ya bi idonsa, ya kalli baro, murmushin ya ɗauke.

"Oga Friday, naka ne? Wallahi ban sani ba. Yesu shaida, ban sani ba."

Ciyaman Badaru ya matso a hankali. Ya daɗe yana kallon baro. Ana gani an san abin bai yi masa daɗi ba.

"Friday, na yi maka kara iyakar iyawata. Kowa a nan shaida ne. Amma wannan bai zo da ƙafafunsa ba, ɗauko shi aka yi. Ga kuma bawan Allah da ya daɗe yana jira, yau nasa ya tsaya. Shi ma yana da iyali. In na take doka yau saboda kai, gobe ba ni da bakin magana."

Marvel ya ce zai cire ƙafar ya mayar, Friday ya girgiza kai. Ciniki ya faɗa, kuma ya san 'ya'yan Marvel, yakan gan su suna zuwa makaranta ba takalmi. Ya juya baro ya nufi wurin 'yan gwangwan, suka auna sauran suka jefa a kan tulin ƙarafa.

Ya yi ta yawo a gari bai je gida ba sai da la'asar. Linda ta riga ta ji, a Bwari labari ba ya jiran mai shi. Tana fere doya, ba ta ɗago ba.

"Maman Lucy," ya ce, "layi ya tafi."

"Na ji."

"In na je Yangoji wurin Yaya, damina ɗaya ko biyu, zan haɗa na mashin in dawo in sake bin layi. Ko za ku..."

Ta ajiye wuƙa ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai da hawaye.

"Ka san amsata, Baban Lucy. Yarinyar nan tana jarrabawa, ni kuma ina da masu sayen doyata. Ka je. Zan soya maka abin da za ka ci a hanya."

Ranar tafiya ya ɗauki jakarsa ya fito kwana don a kai shi tasha. Lucy ta riƙe masa leda har bakin titi, Linda tana can tsaye wurin kaskonta da matsami a hannu. Jama'a suka yi ta yi masa sallama, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya ce sai ya dawo. Fasinja kuwa a kwanar nan ba ya zaɓen mai ɗaukarsa, wanda layi ya zo kansa shi ne. Layi yana kan Marvel. Ya tayar da mashin da bugu ɗaya, kansa a sunkuye, Friday ya hau baya ya rungume jaka.

Suka hau titi. Mutumin da ya bar Nyanya da Kubwa da Dutse yana fito da baki abinsa ko waiwaye babu, yau sai ga shi yana ta waiwaye. Ya juya ta dama ya hango hayaƙin kaskon Linda, ya juya ta hagu ya hango Lucy tana ɗaga hannu, ya sake juyawa har mashin ya fara tangaɗi.

"Oga Friday," in ji Marvel, "don Allah ka zauna daidai. Za ka kayar da mu."