Tolegen da Murfin Bayan Kasuwa

Mijina Tolegen mai walda ne. Ya tsufa yana gyaran bututun ruwan zafin da ke ɗumama gidajen garinmu. A nan arewacin Kazakistan, in bututun nan ya fashe tsakiyar hunturu, kafin a gyara shi yara sun sandare a kan gado. Mutum ne da ko ka taka shi ba zai ce uffan ba, abin da ke ƙona min rai ke nan.

Bana sanyi ya wuce misali. Sai ga umarni daga sama: ana tsoron 'yan ta'adda su shiga ramukan bututu su dasa bam, don haka a liƙe murfin kowane rami da walda. Tolegen aka ba aikin. Masu umarnin sun manta, ko sun yi kamar sun manta, cewa a ramukan nan marasa gida suke kwana. Cikinsu har da Sabyr, yayan Tolegen, wanda giya ta raba da iyalinsa.

Na ce, "Ka jawo shi gida mana! Ko so kake ka binne shi da rai?"

Ya ce, "Bakytgul, kin san Yaya. Cewa ya yi gara rami da bakinki."

"To, bakin nawa ne zai ba shi miya mai zafi. Je ka kawo shi."

Duk murfin da ya je, sai ya buga guduma, ya yi kira, ya sauka da tocila, sannan ya liƙe. Da ya kai ramin bayan kasuwa, inda Sabyr ke kwana, bargo ya tarar da gwangwanin shayi. Ramukan kuwa a haɗe suke ta ƙasa. Ya kutsa yana kiran "Yaya! Yaya!" har tururi ya koro shi.

Ɗan sandan da ke rakiyarsa ya ce, "Baba, yi ka gama, ƙafafuna sun mutu don sanyi. Babu kowa."

Shi ne murfin ƙarshe. Ya liƙe.

Mun duba masallaci, tashar jirgin ƙasa da asibiti, babu wanda ya ga Sabyr. Tsoro ya hana ni sakat. Gari dai lafiya lau, gidanmu da ɗumi.

Bututun ɗakinmu ya saba yin ƙwas-ƙwas tun muna amare, ba mu taɓa kula shi ba. Yanzu da zarar ya yi, sai Tolegen ya ajiye cokali ya kasa kunne, ko yayansa ne ke buga bututun daga ƙarƙashin ƙasa. Ni ma, da duk bakina, sai in yi shiru.