Amshin da Baushe Ya Rasa

Baushe mai goge mutumin wani ƙauye ne kusa da Tabla. Tun mulkin soja na farko yake kiɗan iskoki, kuma duk ƙasar Kurfai babu inda bai kai gogensa ba. Aikin na mutum biyu ne: mai goge ya yi kira, mai ƙwarya ta amsa, a tsakanin kiran da amshin ne iska ke sauka kan mai ita. Shekara arba'in da ɗoriya matarsa Tanne ce ke masa amshi. Ta rasu a damina, shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki a Yamai. 'Ya'yansu duk sun bar wannan hanya. Matan da ya nema su koya suka ce mazansu ba su yarda ba.

Ɗiyarsa da ke aure a Yamai ta aiko masa da talho, wato wayar hannu. Ran kasuwar Filinge ya kai wa Isufu mai gyaran talho, wani magidanci mai surutu, ya sa masa manhajar nan da ake yi wa magana ta mayar da jawabi.

"Ga abokiyar hira, Baba. Ba ta gajiya, ba ta yaji."

"Tana jin Hausa?"

"Irin ta Kano. Ka yi haƙuri da ita."

Da hantsi Baushe ya zauna gindin aduwar ƙofar gidansa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, ya rera wa manhajar kiran iskar nan Doguwa. Nan take ta amsa da baiti mai santsi, har da kirari. Ko kalma ɗaya ba ta Tanne ba ce. Bai yi fushi ba; ai sabon ɗan koyo haka yake. Sai ya ɗauke ta koyo yadda aka ɗauke shi: ya ajiye goro a gefenta, ya gaya mata sunayen waɗanda suka koya masa, ya yi ta ba ta amshi baki da baki har kwana bakwai. Tana maimaitawa daidai. Har ya soma ce mata "ɗiyata", yana dariya. Rabon da ya yi dariya shi kaɗai tun kafin rasuwar.

Kwana na takwas talhon ta cije. Ya koma wurin Isufu, aka gyara, hirar ta goge. Nan cikin rumfar ya yi kira. Ta gaishe shi kamar baƙo, ta kawo wani sabon baiti na ƙarya.

"Mi kai mata?"

"Ban yi mata komi ba, Baba. Ita ba a wurinka ta yi karatu ba. Tun kafin ta zo hannunka aka ɗura mata rubutun mutane mai ɗimbin yawa. In ka yi magana, sai ta duba wace kalma ta saba bin wace, ta jero maka. Abin da ka faɗa mata kuwa, tana riƙe shi ne muddin hirar na nan."

"To na Tanne hwa?"

"Wa ya taɓa rubuta shi?"

Isufu ya ce zai iya sayen kaye, wato littafin rubutu, su zauna ya rubuta duka, wataƙila wata rana rubutun ya kai ga manhajar. Baushe ya girgiza kai. Wanda ya ba shi kiran ya rantsar da shi cewa daga baki sai kunne, ba ya shiga takarda.

"To ita talhon kunne gare ta?" in ji Isufu.

"Na ɗauka tana da shi."

Gab da shuka tsofaffin garinsu suka kira shi wasan roƙon ruwa. Mutane ba su kai ashirin ba. Wata tsohuwa ta karɓi ƙwarya, ta iya bugu amma ba ta san kalmomin ba. Baushe ya ja goge, ya yi kira, ya tsaya daidai tsawon amshi, ya sake kira. Haka ya yi ta yi daga azahar har la'asar sakaliya, yana barin gurbin babu kowa a ciki. Iska ba ta hau kowa ba. Aka watse, kowa ya ɗauki tabarmarsa.

Yana nan da rai, yana noman geronsa. Ba a sake kiransa ba.